Rumfar Aro a Kasuwar Waya

Yau ina so in taɓa wata magana wadda a ganin waɗansu ba ta malamin allo ba ce, watau maganar masu ciniki ta cikin waya. To, ba shisshigi ya kai ni ba. Almajiran da suka tashi a gabana, da yawansu yanzu ba su da shago a Kantin Kwari, ba su da rumfa a Kurmi, amma ga su suna sayar da hula da yadi da takalmi da turare har Kumasi da Yamai da Jidda, kantin kuwa duk yana cikin aljihun riga. In sun sami riba su kan zo mini da goro. In kuwa masifa ta auka musu, a zauren nan nawa su ke fara sauke ta. Daga abin da a ke saukewa a zauren ne na tsinci abin da zan faɗa muku.

Akwai wani yaro, ba zan faɗi sunansa ba, ya shekara tara a makarantata har ya sauke. Tun yana gardi ya koyi ɗinkin hula. Da ya ga hannu ɗaya ba ya ɗinka abin da zai riƙe gida, sai ya shiga sarowa daga masu ɗinki na ƙauyuka, ya kai a wanke a gyara, ya ɗauki hoto ya sa a ɗaya daga cikin dandalin nan na intanet inda mutane ke kallon hotuna. Allah ya sa wa abin albarka. Cikin shekara uku ya tara masu saye ɗaruruwa, ya yi aure, ya kama haya, ya sayi babur.

Ran nan cikin azumi, saura kwana goma sha biyu Salla, lokacin da kasuwar hula ke ci, sai wani ya kira shi ana dab da buɗa baki. Ya yi masa sallama cikakkiya, ya kira sunansa da na kantinsa, ya ce shi sakataren wata ƙungiya ce ta masu sana'ar hannu, za a raba tallafi, an turo masa waɗansu lambobi guda 6 a waya, ya karanto su domin a shigar da sunansa. Yaro ya karanta. Ashe lambobin nan su ne mabuɗin kantinsa. Kafin a fito tarawi ɓarawo ya sake kalmar sirri, ya sake lambar waya da adireshin imel da ke jingine da shafin, ya zauna daram a cikin kantin da ba nasa ba. Kashegari ya sa sanarwa da sunan yaron cewa an yi rangwamen Salla, kowa ya biya rabin kuɗi a ajiye masa tasa. Mutanen da suka shekara uku suna saye ba a taɓa cutarsu ba, me zai sa su yi shakka? Suka yi ta tura kuɗi cikin wani asusu dabam.

Yaron nan ya zo mini bayan sallar asuba, idanunsa jawur. Hasarar ciniki ba ita ta fi cin ransa ba. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne yana gani ana yanka mutanensa da wuƙarsa, ba shi kuwa da hanyar da zai ce musu ku tsaya, gama galibinsu bai san su ba sai da sunan da suka sa wa kansu a dandalin. Ba shi da lambarsu, bai san unguwarsu ba. Dukan abin da ya sani game da su yana cikin ɗakin da aka kulle shi a waje.

A nan ne maganata ta ke. Wanda ya buɗe kanti a Facebook, ko Instagram, ko TikTok, ko WhatsApp, ya sani rumfar aro ya shiga, a kasuwar da ba ta ubansa ba. A Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, in an tashe ka daga rumfarka ka san inda Sarkin Kasuwa ya ke, ka san dattawan layi, ka san wanda za ka kai wa kuka ido da ido. Masu waɗannan kasuwanni na waya kuwa suna can ƙetaren teku, ba su san da zamanka ba. Ba sa karɓar kuɗin rumfa daga hannunka, gaskiya ne, domin su da kuɗin talla su ke ci. Saboda haka ne ma kayan da ka baje ba dukan mabiyanka a ke nuna wa ba, sai wani yanki, in kana son sauran su gani a ce ka biya. Wani kuma ya kan ce shi ya yi dabara, ya raba ƙafa, yana da kanti a Facebook da Instagram da WhatsApp. Bai raba kome ba. Kamfanin Facebook ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, ya koma kiran kansa Meta a 2021. Rumfa uku ce, mai gida ɗaya.

Mun kuwa ga abin da wannan ke nufi ran Litinin 4 ga Oktoba 2021, sa'ad da dukan ukun suka ɗauke gaba ɗaya a duniya duka, wajen sa'a 6, daga bayan la'asar har dare ya yi, don wani kuskure da aka yi wajen gyaran na'urorinsu. A shekarar nan dai, ran 5 ga Yuni, Gwamnatin Nijeriya ta rufe Twitter, wadda yanzu a ke kira X, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu 2022. Masu kanti a can suka yi wata bakwai ƙofa a garƙame, ba su ci bashin kowa ba, ba su yi wa kowa laifi ba. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, daga baya abin ya taɓa waɗansu sassa na Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ran 14 ga Maris 2024 kuma, cikin azumi, igiyoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka yi ta fama. Ga shi nan, hanya huɗu dabam dabam, ba wadda a cikinta aka yi shawara da mai sayar da hula.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a bar kasuwar waya. Haba, ina! Yarinyar da ke cikin kulle tana haɗa humra da turaren wuta, dā iyakar kasuwarta inda 'yar talla ta iya kaiwa da ƙafa, yau tana aikawa Abuja da Maiduguri ba ta taka ƙofar gida ba. Wannan alheri ne babba, wanda ya musa bai duba gidajen maƙwabtansa ba. Abin da na ke cewa shi ne a ci kasuwa, amma a riƙa komawa gida da abin da aka samu, babban abin da a ke samu a kasuwa kuwa mutane ne.

Ku dubi kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja. Ayari ya kan yi watanni a hanya, madugu na gaba, jakuna ɗauke da kanwa da rigunan rini da fatu, a komo da goro. Babbar kasuwarsu a can ita ce Salaga, a ƙasar da yanzu a ke kira Gana. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a kan sarauta, Salaga ta watse, fatake da masu masauki suka bazu, waɗansu Kete Karaci, waɗansu Kumasi, waɗansu Ankara ta bakin teku. Kasuwa ta mutu, fataucin goro bai mutu ba. Dalili kuwa, falke ya san fatomansa, fatoma ya san wanda ke biyan bashi da wanda ke gudu da shi, ya san mai son farin goro da mai son ja. Wannan sani a kansu ya ke, ba a jikin rumfa ba, inda suka sauka duk nan kasuwa ta tashi. Daga baya ma hanyar kanta ta sake, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, irin yadda marigayi Alhassan Ɗantata ya yi tun kafin ya shiga gyaɗa, amma amanar da ke tsakanin mutane ita ce dai jarin.

To, mai kantin waya, ga fatomanka: littafi. Duk wanda ya saya daga gare ka sau ɗaya, ka roƙe shi lambar wayarsa da garinsu, ka rubuta da abin da ya saya da ranar da ya saya. Mai hula ya rubuta lambar kan mutum da launin da ya ke so, mai takalmi ya rubuta lambar ƙafa. Ka rubuta a wuri biyu. Na ɗaya littafin takarda na sosai, mai bango, wanda ba ya bukatar caji. Na biyu a ma'ajiyar da ba ta jingina da dandalin da ka ke ciniki ba, alal misali ka ajiye lambobin cikin asusun Google maimakon cikin cikin waya, domin in waya ta faɗa rijiya ko aka fizge ta a Ƙofar Wambai, ka sami abinka a wata. Wanda ya iya, akwai Google Sheets, takarda ce mai gidaje kamar hatimi, kyauta, tana tara lissafi da kanta. A cikin littafin nan kuma za ka rubuta wanda ka ke bi da wanda ke binka. Ni ban ga abin da zai sa ɗan makarantar allo ya yi ƙyuyar wannan ba, alhali ya san ayar da ta fi ko wace tsawo a Alƙur'ani, can wajen ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi ta ke magana.

Sai dai lambar mutum amana ce. Kada ka ba wani, kada ka sayar, kada ka jefa mutum cikin zauren talla ba da izninsa ba, ya tashi da safe ya tarad da hoto arba'in sun cinye masa data. Ko hukuma ma ta kafa doka a kan kare bayanan mutane a 2023. In kana da sabon kaya, saƙo ɗaya mai ladabi a mako ya isa. Manhajar WhatsApp Business, wadda aka fitar a 2018 domin ƙananan 'yan kasuwa, tana da wurin jera kaya da kuɗinsu, da wurin sa wa ko wane mai saye alama, wannan ya biya, wannan ana jiransa, tana kuma amsa sallama da kanta in kana barci. Tana da amfani ƙwarai. Amma ita ma ta mai gidan nan ce, kada ta zama ita kaɗai ce littafinka.

Maganar kulle kuwa gajeriya ce, ko da ya ke ita ta kayar da yaron nan. Lambar da aka turo maka a waya ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce shi ma'aikacin banki ne, ko ya yi muryar ƙanen mahaifinka. Dukan dandalin nan suna da kulle na biyu, wanda a ke kira tabbatarwa mai mataki biyu, aikin minti biyar ne, ka sa shi yau. Layin da ka ke ciniki da shi ya zama da sunanka da lambar NIN taka aka yi rajistarsa, ba na yayanka ba, ba wanda ka saya a bakin titi ba. Kada kuma ka yar da shi ya daɗe ba a aiki da shi, gama kamfani ya kan sayar wa wani layin da aka bari, wanda ya saya kuwa ya gāji mabuɗanka.

Wanda kasuwarsa ta ɗan yi ƙarfi, sai ya nemi suna nasa na kansa. Hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tana yin rajistar sunan sana'a ta intanet, da takardar nan kuma banki zai buɗe maka asusu da sunan kanti. Fa'idarsa a fili ta ke. In mutanenka sun saba kuɗinka asusu ɗaya ya ke shiga, mai ɗauke da sunan kantinka, ranar da ɓarawo ya turo musu wani asusu da baƙon suna za su tsaya su tambaya. Akwai kuma mallakar adireshi a yanar gizo, irin mai ƙarewa da .ng ko .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke lura da shi. Shi ma haya ce ta shekara shekara, in ka manta ba ka sabunta ba ya kuɓuce, amma muddin kana biya naka ne, kana iya ɗaga shi daga wannan masauki zuwa wancan. Ban ce mai jarin naira dubu hamsin ya fara da wannan ba. Ya fara da littafi.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000, har mai shayi ya koyi karɓar kuɗi ta waya, su OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga ko wane lungu. Tare da su alat na bogi ya yawaita. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon da ya shigo waya ma ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirar duka biyu. Sai ka buɗe asusunka da hannunka ka ga abin ya ƙaru sa'an nan kaya su bar hannunka, ko da direba yana ta matsa oda a tasha. Ka kuma raba asusun kanti da na cefane, in ba haka ba za ka cinye uwar kuɗi kana tsammani riba ka ke ci. Masu son a biya su da kati suna aiki da irin su Paystack, wanda waɗansu samari biyu na Nijeriya suka kafa a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020. La'adarsu a 2023 kashi ɗaya da rabi ce cikin 100 da ƙarin naira 100, watau hular naira 20,000 za a cire mata naira 400. Ba yawa, amma wanda bai sa ta cikin lissafi ba, tare da kuɗin data da na leda da na ɗan kamasho a tasha, sai ƙarshen wata ya rasa inda ribarsa ta shiga.

Saura mas'ala ɗaya wadda almajirai su kan tambaye ni, ita ce ta halaccin sayar da abin da mai saye bai gani ba sai a hoto. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan sayar da abin da ba ya nan bisa siffa, wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya wuce ta wurin. Ya halatta in an siffanta abu yadda ya ke, in kuwa ya zo ya saɓa wa siffa mai saye yana da ikon mayarwa. Saboda haka hoton da aka ƙara wa haske har shuɗi ya koma kore, ko wanda aka ɗauko daga kantin wani, algus ne, daidai da mai jiƙa hatsi don ya yi nauyi. Ka ɗauki hoton kayanka da hasken rana, ka faɗi tsawo da faɗi, in akwai aibi ka nuna shi. Masu tallan kayan da ba su mallaka ba kuwa, su karɓi kuɗi tukuna sa'an nan su ruga Kwari nema, ina ba su shawara su fito fili su ce su dillalai ne, a san la'adarsu. Dillanci sana'a ce mai asali, ba abin kunya a cikinta. Abin kunya shi ne ka ce yadi yana hannunka alhali ko ganinsa ba ka yi ba.

Ba zan wuce ba sai na yi tsokaci a kan masu sayar da asirin arziki, waɗanda ke jingina da motar wani su ɗauki hoto, su ce a biya su koya maka yadda za ka tara miliyoyi kana kwance. Haka masu sayar da mabiya, dubu goma a kuɗi kaza. Na tambayi wani yaro da ya saya, na ce cikin dubu goman nan mutum nawa suka taya hularka? Ya sunkuyar da kai. Mu da muka ga masu dubu har sun gaji, wannan tsohon ciniki ne ya sake riga.

Yaron nan nawa shafinsa bai komo ba har yau. Ya rubuta ƙara ya sake rubutawa, shiru. Waɗanda suka san lambarsa suka yi ta kira da zagi, wani mutumin Zariya ya biyo sawu har ƙofar gidansa. Na ce masa a iyakar abin da na karanta ba shi ya ci kuɗin nan ba. Ya ce, "Gafarta Malam, ban ci ba, amma da sunana aka ci." Ya sayar da babur ya biya waɗanda ya iya samu. Abin da ya tashe shi kuwa daga inda bai zata ba ya fito. Matarsa ita ke ɗaure kaya, ashe duk ƙunshin da za a kai tasha ta kan rubuta sunan mai shi da lambarsa da garinsu a wani tsohon littafinta na Islamiyya, don kada ta haɗa na wani da na wani. Suka zauna dare biyu suna kira ɗaya ɗaya, suna ba da haƙuri, suna faɗin sabon wuri. Mutum wajen sittin suka komo, da su ya sake kafa kanti. Yanzu ko wace Alhamis, da ya ke ba karatu, ya kan zo zaure da littafi mai baƙin bango, ya zauna gefe yana kwafe sunayen mako daga waya, ƙananan almajirai suna leƙe. Akwai wani mutumin Kumasi da ya biya hula biyu tun kafin ɓarawo ya shiga, shafin da aka rubuta lambarsa ruwa ya taɓa shi, lambobi uku na ƙarshe ba su karantuwa. Hulunan suna nan cikin leda a saman durowa, an rubuta Kumasi a jiki.